Kowane Dodo Da Dokarsa: Waiwaye Kan Ƙagen Dodanni A Adabinmu

A zangon karatun da ya wuce mun ba ɗalibanmu 'yan aji biyar wani ɗan aiki a darasin Hausa. Muka ce kowa ya je ya ƙago mana dodon da ba a taɓa jin labarinsa ba, ya siffanta shi a shafi guda. Yaran nan kuwa na ƙasar Gwarzo da Kabo ne, wasu daga Getso, wasu daga Kutama da Lakwaya, wasu daga Garo da Gude. Da takardu suka dawo hannunmu sai muka tarar kusan dukkansu dodo ɗaya suka rubuta. Kawuna bakwai gare shi, wani ya ce casa'in da tara, wuta na fita daga bakinsa, idanunsa kamar garwashi, yana zaune a wani birni can ƙasar Sin ko Misra, sunansa kuma ya ƙare da "us" ko "sul" don ya yi kama da Larabci. Muka tambaye su me wannan dodo yake ci, me yake nema a wurin mutane, me kuma yake tsoro. Aji ya yi tsit.

Ba mu ga laifin yaran ba, domin abin da suka karanta suka juye mana. Amma abin ya sa mun koma mun waiwayi tarihin dodanninmu, kuma muna ganin 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke sha'awar labaran jarumta, za su so jin abin da muka tsinto.

Mu fara da Daura. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, shi ne dodon da kowane ɗan firamare ya sani. Mai karatu ya lura, labarin bai ɓata lokaci wajen ƙidaya haƙoransa ba. Abin da aka riƙe game da shi doka ce guda: ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Daga wannan doka komai ya fito. Ita ta sa gari cikin ƙishirwa, ita ta sa tsohuwar da ta sauki Bayajida ta rasa ruwan da za ta ba baƙonta, ita ta tura shi bakin rijiya da dare da guga a hannu. A cire dokar nan a ga abin da zai saura: ƙaton maciji a cikin rami, wanda bai dami kowa ba.

Haka abin yake a dandali da ɗakin tsohuwa. Dodon tatsuniya ƙato ne mai gashi buzu-buzu, yana zaune a kurmi ko a gulbi, yana haɗiye mutum da dabba, wani lokacin har gari guda. Yana son auren 'yar mutane, musamman budurwar da ta raina samarin garinsu. Sai dai kakanninmu ba su taɓa barinsa ba lago. A wasu tatsuniyoyin karnuka yake tsoro. A wasu kuma kwaɗayinsa ne ajalinsa, domin abin da ya haɗiye shi ne ke farke shi daga ciki. A tatsuniyar Auta, dodon da ke zagaye gari da dare yana ruri ya mutu ne da duwatsun da yaro ya gasa a wuta ya jefa masa a baki. Wato mai sauraro tun farkon labari yana da abin da zai yi lissafi da shi, yana kwance a gefen tabarma yana cewa a ransa, da ni ne da kaza zan yi. Wannan lissafi shi ne rabin daɗin tatsuniya.

Yawancin abin da ya tsira a rubuce na waɗannan labarai ta hannun Turawa ya biyo, ko da yake bakin da ya faɗa na Hausawa ne. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, akasarinsa daga bakin Dorugu. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin ne R. S. Rattray ya buga abin da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau, shi kuma A. J. N. Tremearne ya fitar da nasa tarin a shekarar. Daga baya namu suka karɓa, irin su marigayi Ibrahim Yaro Yahaya da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni da muka karanta a firamare.

A cikin tarin Tremearne akwai wata halitta da muke so mu daɗe a kanta, domin a ganinmu babu darasin ƙirƙira da ya wuce ta. Sunanta Zanƙallala. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu biyu ba. Maciji ne sandarsa, kunamu ne ƙaiminsa, taron ƙudan zuma ne malafarsa, kurege ne dokinsa, tsuntsaye kuma na biye da shi suna yi masa kirari. Dodo ya haɗiye shi, ya fito, ya sake haɗiye shi, ya sake fitowa, har a ƙarshe ya ɓullo ta kan Dodo ya kashe shi. To, jama'a, a duba kayan da aka haɗa wannan halitta da su. Babu ko ɗaya da yaron Kabo ba zai gani ba tsakanin gidansu da gona. Wanda ya ƙago Zanƙallala ya ɗauki siffar basarake mai hawa, da sanda da ƙaimi da malafa da maroƙa, ya sauya kowane ɗaya da abin da ke harbi ko sara. Ga ban tsoro, ga ban dariya, ga kuma habaici ga masu sarauta, duk a halitta guda. Mu dai ba mu ci karo da dodo mai kawuna casa'in da tara da ya kama ƙafarsa ba.

Dodo bai tsaya a baki kawai ba, yara sun shiga rigarsa. Tashen watan azumi, wanda ake farawa bayan goma ga wata, makaranta ce ta kwaikwayo: a ɗaura tsumma, a manna auduga a haɓa, a shafa gawayi, sai ga Tsoho da Gemu, ga Jatau Mai Magani, ga Macukule. Kowane wasa da dokarsa da amshinsa, masu gida kuma suna cikin wasan domin su ne ke ba da tukwici. Fataken Hausawa sun kai wannan al'ada har Wagadugu a ƙarni na 19, inda ta zama wasan da ake kira Dodo, yara na sanya fuskokin namun daji suna rawa a daren azumi.

Sai zamanin boko ya zo. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar da kowa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da shi East, sai Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Mu mutanen wannan yanki muna alfahari da cewa ɗaya daga cikin biyar ɗin namu ne, ko da yake nasa labarin ya fi karkata ga ɓarayi da dabarunsu, dodanninsa masu ƙafa biyu ne. Abin lura shi ne, a inda waɗannan littattafai suka buƙaci abin al'ajabi, ba Dodon dandali suka kira ba. Ganɗoki da ya gama yaƙi da Nasara sai ya faɗa duniyar aljanu a ƙasashen gabas. Alhaji Imam ma da taimakon aljanu ya kai ga ruwan da ya fita nema. Dalilin a fili yake. Marubutan nan malamai ne 'ya'yan malamai, sun tashi da littattafan Larabci, ga Dare Dubu da Ɗaya da aka riga aka buga da Hausa tun 1924. A idon malami tatsuniya aikin mata da yara ce, ifiritu kuwa ya fito daga littafi, saboda haka yana da mutunci.

Aro ba aibu ba ne, in an san yadda ake yinsa. Imam ya ɗebo daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa a Magana Jari Ce, amma ya yi wa kowane labari wankan Hausa har ba a gane baƙo. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rashawa Ilya Muromets ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, har yau akwai masu rantsuwa Bahaushe ne. Umaru Dembo kuma a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, ya kawo mana baƙo daga sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Matsalar ta taso ne daga baya. Sa'ad da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, labaran soyayya suka cika kasuwa, a gefensu kuma littattafan yaƙi suka samu nasu masoyan, musamman samari. Sunaye irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun sa yara da yawa karatun Hausa waɗanda mu malamai muka kasa sa su, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma masu kwaikwayonsu, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba, sai suka ɗauki ɓawon suka bar ƙwayar. Kowane sabon littafi sai ya ƙara wa dodo kai, ya ƙara masa zira'i, jarumi kuma ya kashe shi da takobin tsafi da wani boka ya ba shi a shafi na uku. Yau an koma karanta irin waɗannan a YouTube da WhatsApp, dodon dai shi ne bai sake ba. Shi ne ɗalibanmu suka kawo mana.

Yanzu bari mu tsallaka teku, domin akwai mutanen da suka mai da ƙagen dodo sana'a, kuma abin da suka gano zai ba mai karatu mamaki. A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, aka buga wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara, mai suna Dungeons & Dragons. Tatsuniya ce da ake yi a kan tebur. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. Mai jan labari ya ce kun iso bakin kogo, kun ji gurnani, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai aikata, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wata mai fuska shida, wata har ashirin, ita za ta nuna ko an dace. Ba kuɗi ake zubawa ba, kada wani ya ce caca muke tallatawa.

A irin wannan wasa ba a yi wa mai sauraro wayo. Marubuci yana iya ceton jaruminsa da alƙalami, mai jan wasa kuwa yana fuskantar mutum huɗu ko biyar masu tambaya. Nawa ne saurinsa? Yana gani a duhu? In mun watsa masa ruwa fa? Dole kowane dodo ya zo da amsa. Shi ya sa da Gygax ya fitar da kundin dodanni mai suna Monster Manual a 1977, mai ɗauke da halittu sama da 350, kowace aka rubuta mata mazauni da yawan da take fitowa da irin wayonta da yadda take kai hari. Bugun 2025 na wannan kundi ya haura 500. Da yawa aro ne, har daga wajenmu Musulmi, domin akwai jinni da ifiritu da gul a ciki. Amma waɗanda suka yi suna su ne waɗanda aka ƙaga.

Alal misali, akwai wanda Gygax ya samo siffarsa daga wasu 'yan robobin wasan yara masu arha da aka ƙera a Hong Kong. Wannan dodo ba ya cin mutum. Ƙarfe kawai yake so, duk ƙarfen da ya taɓa sai ya yi tsatsa ya ruɓe nan take. Sai ka ga barde mai sulke da takobi, wanda bai ja da baya ga zaki ba, yana ɓuya a bayan mai sandar itace. Akwai wani kuma curi ne mai yauƙi, garai-garai, ƙafa goma ta kowane gefe. An yi shi haka ne domin a kan takarda mai gida-gida ake zana lungunan kogo, kowane gida ƙafa goma, saboda haka ya cika lungu dam, yana tafe yana share duk abin da ya tarar. Akwai wanda ke rikiɗa ya zama akwatin dukiya, yana jiran makwaɗaici. Wato kowanne doka guda ce aka ɗinka wa jiki, kamar dai macijin Kusugu da Juma'arsa.

Wani abin da ya kamata ƙungiyarmu ta duba shi ne yadda suka buɗe wa masu karatu ƙofa. Mujallar White Dwarf ta Ingila ta ware shafi inda masu wasa ke aiko da dodannin da suka ƙaga, edita Don Turnbull yana tacewa yana yin sharhi. Daga cikinsu aka tattara littafin Fiend Folio a 1981. Me zai hana wannan mujalla tamu ta ware rabin shafi ga irin haka? A 2002 ma wani kamfani a Amurka ya fitar da Nyambe, wasan da aka gina kan labaran Afirka. In ba mu rubuta Zanƙallala ba, wani zai rubuta mana shi, kuma ba lallai ya san mene ne ƙaimi ba.

Mun san akwai mai cewa wannan wasa da aljanu ne. Su ma can ba su tsira ba, domin a shekarun 1980 wasu malaman coci a Amurka sun yi ca a kan wasan, har kamfanin ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugun 1989. Namu matsayin mai sauƙi ne. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, akwai sura guda da sunansu, ba kuma abin da marubuci zai ƙaga wa tarihi da nasaba ba ne yadda ya ga dama. Iskokin bori su ma akwai masu riƙe da su da gaske, kamar yadda Joseph Greenberg ya tarar a ƙauyukan Maguzawan ƙasar Kano ya rubuta a littafinsa na 1946. Dodon tatsuniya kuwa kowa ya san ƙarya ce, mai labarin da kanta take faɗin haka in ta zo ƙurunƙus. A nan ma muna ganin wanda ya ƙagi nasa dodon ya fi zama lafiya da malamai a kan wanda ya cika littafinsa da sarakunan aljanu da ya laƙa wa sunaye.

Da muka koma aji sai muka sake ba da aikin, amma da sharaɗi uku. Dodon ya zauna a wurin da ɗalibi zai iya zuwa da ƙafa daga gidansu. A faɗi abin da yake so. A faɗi kuma inda lagonsa yake, kada ya zama takobi ko laya. Wannan karon takardun sun bambanta. Wani ya kawo na cikin rumbu, wani na tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba, wani na gindin tsamiyar bakin kasuwa. Wasu ba su yi armashi ba, gaskiya, akwai wanda ya ɗauko mai kawuna bakwan nan ya zaunar da shi a bayan tasha kawai.

Amma wata yarinya daga wajen Kabo ta kawo abin da ya sa muka ajiye jan biro. Nata dodon a kududdufi yake, irin wanda ake haƙa don ƙasar gini ya cika da damina, wanda duk shekara sai an ji ya ci yaro a wani gari. Ba shi da siffa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Bayan magariba yake kira, da muryar mahaifiyar wanda yake so, ba ta da bambanci ko kaɗan. Ta sa masa suna Innar Kududdufi. Muka ce to ina lagonsa? Ta ce, "Malam, ai ba shi da kunya. In zai kira ɗan fari, da sunansa na yanka yake kiransa."

Ranar Alhamis muka aro ƙwayar lido, muka haɗa tebura biyu, ita ta ja labari, yara biyar suka zama 'yan gida ɗaya da aka aika neman akuyar da ta ɓata. Ba mu gaya musu lagon ba. Da kira ya zo, wanda ya zama auta ya jefa ƙwaya ta ba shi ɗaya, ya nufi ruwa. Na biyu ya bi shi don ya riƙo shi. Sai muryar ta kira babbansu, ta ambaci sunansa ƙarara har sau biyu. Yaron ya ɗaga ƙwaya zai jefa, sai ya tsaya da hannu a sama, ya dubi sauran ya ce, "Kai! Wallahi ba Inna ba ce. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba." Aka kaɗa ƙararrawar tashi suna ta gardama, wai in wanda kakarsa ta riƙe ne, muryar wa dodon zai ara, tunda kaka ba ta jin nauyin sunan jika.